Yadda ake zuba ɗan rarar kuɗi a asusun da ke bin ma'aunin kasuwa

Akwai wani kuɗi a gidajenmu da ba a ware masa aiki ba. Shi ne dubu 3 ko dubu 5 ko dubu 10 da kan rage bayan an yi cefane, an biya haya da kuɗin makarantar yara. In ka bar shi a banki, katin waya da data da gudummawar biki za su lashe shi kafin 10 ga wata. In ka ɓoye shi, tsadar kaya ta cinye shi yana kwance. Hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Wanda ya jefa naira 100,000 a asusu a farkon shekarar, ya fasa a ƙarshenta, abin da zai iya saya bai wuce na kusan naira 74,000 a farashin farkon shekarar ba.

Wannan ɗan kuɗin nake so mu nema wa wurin zama, inda zai yi aiki a hankali shekara da shekaru, ba tare da ka zama masanin hannun jari ba, ba kuma tare da ka miƙa shi ga mai alƙawarin ninka maka shi cikin wata ɗaya ba.

Me ake nufi da ma'auni, me ake nufi da asusunsa

In kana so ka san ko hatsi ya yi tsada a Dawanau, farashin gero kaɗai ba zai gaya maka ba. Sai ka ji na dawa, na masara, na wake, na shinkafa, ka haɗa su ka ga inda suka dosa. Haka ake yi a kasuwar hannayen jari. Ana zaɓar jerin kamfanoni, a haɗa farashinsu a fitar da lamba ɗaya da ke nuna hawa ko sauka. Wannan lambar ita ce ma'auni. A Amurka akwai S&P 500, mai auna manyan kamfanoni 500. A kasuwar Najeriya, wato NGX da ke Legas, akwai babban ma'aunin da ya haɗa dukkan kamfanoni, wanda aka fara lissafinsa daga maki 100 a 1984, ya haye 100,000 a Janairun 2024. Akwai kuma NGX 30, na manyan kamfanoni 30.

Asusun ma'auni kuwa tukunya ce da mutane da yawa ke zuba kuɗi a ciki, mai kula da ita ya sayi hannun jarin duk kamfanonin da ke cikin jerin, kowanne gwargwadon girmansa. Ba ya zaman duba wane ne zai tashi gobe. Kamar dai mai ajiyar hatsi ne da ya ƙi yin caca a kan wake kaɗai, ya auni tiya-tiya daga kowane iri. Irin wanda ake saye da sayarwa a kasuwar hannayen jari kamar sauran hannun jari shi ake kira ETF, kuma shi ne za ka fi samu a nan gida.

Wani Ba'amurke, John Bogle, wanda ya kafa kamfanin Vanguard, shi ya buɗe wa talakawa irin wannan asusu a 1976. Ya sa ran tara dala miliyan 150, ya samu kusan miliyan 11, masu harkar suka yi ta yi masa dariya. Hujjarsa ita ce yawancin ƙwararrun da ake biya su zaɓi hannun jari ba sa iya wuce kasuwar kanta idan aka daɗe, musamman bayan an cire ladansu. Attajiri Warren Buffett ya gwada maganar a fili: daga 2008 zuwa 2017 ya zaɓi asusun S&P 500 ya kara da wasu asusu biyar na ƙwararru masu tsadar lada. Nasa ya ƙaru da kusan kashi 126 cikin 100 a shekaru 10, a cikin biyar ɗin babu wanda ya kamo shi.

Mu kuma muna da namu darasin. A 2007 zuwa farkon 2008 an yi ta rububin sayen hannun jarin bankuna, har da waɗanda suka ci bashi don su saya. A Agustan 2011 gwamnati ta karɓe Afribank da Bank PHB da Spring Bank, masu hannun jari a cikinsu suka tashi a tutar babu. Na san wani dattijo a unguwarmu da ya zuba kuɗin sallamarsa kaf a banki ɗaya a wancan lokacin, har yau takardar tana cikin jakarsa, ba ta da amfanin komai. Da kuɗin ya warwatsu a kamfanoni 30, da ya ji jiki, amma da bai rasa duka ba.

Mataki na 1: ka tabbata kuɗin rara ne da gaske

Kafin ka buɗe wata manhaja, ka zauna da biro da takarda. Ana bin ka bashi? Fara biya. Kana da kuɗin ko-ta-kwana da zai riƙe gidanka wata 3 in albashi ya tsaya ko ciniki ya mutu ko rashin lafiya ta faɗo? In babu, shi za ka fara tarawa, a inda hannunka zai kai gare shi a rana ɗaya. Dalili shi ne kasuwa ba ta san ranar da matarka za ta haihu ba. In buƙata ta kama ka ranar da farashi ke ƙasa, dole ka sayar da asara.

Abin da za ka zuba a asusun ma'auni shi ne wanda za ka iya mantawa da shi shekara 5 ko fiye. Kuɗin auren da za a yi bayan salla ba ya shiga. Kuɗin taki ba ya shiga. Kuɗin adashin mutane da na marayu da aka ba ka amana ba sa shiga ko kusa. Bashi kuwa, kada ka ci don wannan, ko wa ya ce maka kasuwa na tashi.

Mataki na 2: ka warware maganar halacci tun da wuri

Ga yawancinmu wannan ce tambayar farko, kuma bai kamata a tsallake ta ba. Ma'auni irin NGX 30 ya ƙunshi bankunan kuɗin ruwa, akwai kamfanin giya a cikinsa. S&P 500 ma haka. Wanda ya sayi asusun da ke bin su ya mallaki ɗan yanki a kowannensu.

Shi ya sa aka samar da ma'aunan da aka tace. A 2012 kasuwar Najeriya da kamfanin Lotus Capital, wanda Hajara Adeola ta kafa, suka fito da ma'aunin Musulunci mai suna NGX Lotus Islamic Index, a 2014 kuma aka sa Lotus Halal Equity ETF a kasuwa don ya bi shi. Tacewar hawa biyu ce. Da farko a dubi sana'ar kamfani: in harkar kuɗin ruwa ce ko giya ko caca ko taba ko alade, an fitar da shi. Sannan a dubi littafin kuɗinsa. A ƙa'idar hukumar AAOIFI da ke Bahrain, wadda cibiyoyin kuɗin Musulunci da yawa ke bi, bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfanin a kasuwa, kuɗin shiga daga abin da bai halatta ba kada ya wuce kashi 5. Wannan ɗan abin da ya gauraya ana fitar da shi sadaka, ana kiran hakan tsarkakewa. A Amurka akwai irinsu, kamar SPUS da HLAL, dukansu an buɗe su a 2019.

Gaskiyar da zan faɗa maka ita ce tacewa tana rage yawan kamfanoni. Ma'aunin halal na Najeriya kamfanoni 'yan goma sha ne, kuma manyan masu siminti da sadarwa da abinci su ke ɗauke da nauyinsa. Warwatsuwar ba ta kai ta NGX 30 ba. A wurina wannan farashi ne da ya cancanci a biya don samun natsuwa. Akwai malaman da ba su yarda da ko ɗan gaurayen nan ba, don haka ka kai maganar wurin malamin da ka amince da iliminsa, ka nuna masa takardar bayanin asusun, kada ka tambaye shi da baki kawai.

Wanda wannan bai dame shi ba, ko ba Musulmi ba ne, yana da Vetiva Griffin 30 ETF da Stanbic IBTC ETF 30, dukansu NGX 30 suke bi.

Mataki na 3: naira ko dala

A 2024 babban ma'aunin NGX ya tashi da kusan kashi 38 cikin 100. Abin ya yi daɗin ji, amma in ka ajiye shi kusa da hauhawar farashi ta 34.8 za ka ga da ƙyar ya tsere mata. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta wuce 1,500. Wannan ne ya sa mutane ke waiwayar asusun Amurka ta manhajoji irin su Bamboo da Trove, inda za ka iya sayen ɓangaren kaso ɗaya da kuɗi kaɗan.

Dala ma tana da nata ƙaiƙayin. Za a ci wani abu wajen canji, shiga da fita. Amurka tana cire kashi 30 cikin 100 na ribar da kamfanoni ke rabawa kafin ta iso hannun ɗan Najeriya, alhali a gida kashi 10 ake cirewa. In naira ta farfaɗo bayan ka saya da tsada, ka yi asara ko da kasuwar can ba ta motsa ba. Shawarata ga mai farawa da dubu 5 ko dubu 10: ka fara da naira, da asusu ɗaya, ka koyi hanya. Bayan shekara, in abin ya zauna, ka raba.

'Yan'uwanmu na Nijar kasuwarsu ita ce BRVM da ke Abidjan, wadda ƙasashe 8 masu amfani da sefa suka haɗu a kanta, kuma ana shiga ne ta hannun dillalan da ake kira SGI.

Mataki na 4: ka binciki dillali kafin ka ba shi ko kwabo

Ba za ka iya saye kai tsaye daga kasuwa ba, sai ta hannun dillalin hannun jari. Hukumar SEC, mai kula da wannan harka, tana da jerin sunayen duk masu rajista a shafinta na intanet. Ka shiga da kanka ka nemi sunan. Kada ka yarda da hoton satifiket da aka turo maka a WhatsApp, kuma rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba lasisin karɓar jarin mutane ba ce, shaida ce kawai cewa kamfani yana da suna.

Na nace a kan wannan ne saboda abin da ya sha cin mutanenmu. MMM ta rufe a Disambar 2016, CBEX ta rufe a Afrilun 2025, kuma a tsakaninsu an yi wasu da yawa masu sunaye masu daɗi, har da masu rataya kalmar halal. Alamarsu ɗaya ce: riba tabbatacciya mai yawa cikin ɗan lokaci, da lada in ka kawo wani. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu irin wannan, amma ɗaurin ba ya dawo wa bazawara da kuɗinta. Asusun ma'auni na gaskiya ba ya yi maka alƙawarin ko sisi, takardarsa ma da kanta za ta gaya maka kana iya yin asara. Kuma kuɗinka asusun kamfani zai shiga. Duk wanda ya ba ka lambar asusun mutum, ka juya.

Mataki na 5: buɗe asusu

Wannan ba shi da wuya. Za a nemi BVN da NIN, hoton fasfo, lambar asusun bankinka, da shaidar adireshi kamar takardar kuɗin wuta. Dillalai da yawa ta waya ake gama komai. Dillalin zai buɗe maka asusu a CSCS, ma'ajiyar da ke riƙe da hannayen jarin kowa da sunansa, a ba ka lambar da ake kira CHN. Ka rubuta ta, ka adana. Amfaninta shi ne jarinka yana rubuce da sunanka a can, ko dillali ya rufe shago yana nan.

Ka tabbata sunanka iri ɗaya ne a BVN da NIN da banki. Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamman a wata takardar, wannan kaɗai ya isa ya riƙe maka kuɗi watanni. Ka kuma cike takardar da za ta sa a riƙa turo rabon riba kai tsaye bankinka. Biliyoyin naira na ribar da masu ita ba su karɓa ba suna nan jibge, da yawa don an bar wannan ƙaramin aikin.

Mataki na 6: sayen farko

A nan nake so ka nutsu, domin a nan masu farawa ke yin kuskuren da ba sa ma sanin sun yi.

Kowane ETF yana da farashi biyu. Akwai ainihin darajar kaso ɗaya, wato kuɗin duk hannayen jarin da ke cikin tukunyar a raba da yawan kason, kuma mai kula da asusun yana wallafa ta. Akwai kuma farashin da ake ciniki a kasuwa. A Amurka kusan a manne suke saboda yawan masu ciniki. A Najeriya masu cinikin ETF kaɗan ne, wata rana ma ba a sayar da ko ɗaya, don haka farashin kasuwa kan yi nesa da ainihin daraja. In daraja naira 50 ce ana tallarsa 70, wanda ya saya ya fara da asarar 20 tun kafin kasuwa ta motsa. Ka duba lambobin biyu kafin ka danna. In tazarar ta yi yawa, ka haƙura zuwa wani mako, ko ka tambayi kamfanin da ke kula da asusun ko za a iya saye ta wurinsu.

Sannan kada ka ce a saya maka a kowane farashi aka samu. Manhajar tana da wurin da za ka kafa iyaka, ka ce ba ka wuce naira kaza. Kamar dai aiken yaro kasuwa ne, kana gaya masa inda zai tsaya a tayi.

Bayan ciniki za a turo maka takardar shaida mai nuna abin da aka saya da abin da aka cire. Ladan dillali a hannun jari ba ya wuce kashi 1.35 cikin 100, sai wasu ƙananan kuɗaɗe na hukuma da haraji, kuma za a sake cira ranar sayarwa. Wannan kaɗai ya isa ya hana ka yawan shiga da fita. Akwai kuma ladan shekara na mai kula da asusu, wanda ba ka ganinsa don daga cikin tukunya ake ɗiba. Ka nemo shi a takardar bayani. Asusun S&P 500 na Vanguard yana karɓar kashi 0.03 cikin 100 a shekara, na halal a Amurka wajen rabin kashi 1, na gida sun fi haka. Kada ka raina bambancin. A misali, naira miliyan 1 da ke ƙaruwa da kashi 10 a shekara za ta zama miliyan 6.7 bayan shekara 20. In lada ya ci kashi 2 ya bar 8, miliyan 4.7 za ta zama.

Mataki na 7: ka mai da shi adashi

Duk wanda ya taɓa zubin adashi ya riga ya iya wannan. Rana ɗaya a wata, kuɗi ɗaya, ba fashi. Mai albashi ya cire ranar da kuɗi ya shigo, kafin a fara rabo. 'Yar kasuwa mai sana'ar cikin gida ta riƙa tara na mako-mako, ta saya sau ɗaya a wata don kada ƙananan caji su yi yawa.

Ga yadda lissafin ke tafiya. A ce kana zuba naira 5,000. Watan farko kaso yana 50, ka samu 100. Wata na biyu ya faɗi zuwa 40, ka samu 125. Na uku ya hau 62.50, ka samu 80. Ka kashe 15,000, kana da kaso 305, kowanne ya zo maka a kan kusan naira 49. Watan da kasuwa ta faɗi shi ne watan da ka fi samun kaya. Da yayyafi kogi kan cika, kuma wannan tsarin ya ɗauke maka wahalar hasashen ranar da ta dace, wadda ko masu digiri a kanta ba sa iya cin ta a kai a kai. In an raba riba, ka mayar da ita ciki. In samu ya ƙaru, ka ƙara zubi.

Ranar da kasuwa za ta faɗi

Za ta faɗi. Babban ma'aunin Najeriya ya haura maki 66,000 a Maris na 2008, bayan shekara ɗaya yana wajen 20,000, kuma sai a 2023 ya sake taka wancan matsayin. Shekara 15 ke nan. S&P 500 ya zube da fiye da rabi tsakanin Oktoban 2007 da Maris na 2009, ya sake zubewa da kusan kashi ɗaya cikin uku a makonni kaɗan lokacin korona a 2020. Ban kawo waɗannan don in tsorata ka ba, na kawo su don ka shiga da idonka a buɗe. Wanda ya zuba komai rana ɗaya a ƙololuwar 2008 ya daɗe yana jira. Wanda ya ci gaba da zubin wata-wata a shekarun da farashi ke ƙasa ya tara kaso da araha, kuma shi ya fi cin moriyar tashin da ya biyo baya.

Don haka tun yau ka rubuta a littafinka dalilin da ya sa kake tarawa da shekarar da kake son cirewa. Ka daina leƙa manhaja kullum, sau ɗaya a wata ranar zubi ya isa. In lokacin buƙata ya kusato, kamar saura shekara 1 ko 2 ɗa ya shiga jami'a, ka fara janyewa kaɗan-kaɗan zuwa abin da ba ya tangal-tangal. Sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar jari ta tsarin Musulunci marar kuɗin ruwa, wanda aka fara fitarwa a 2017 don gina hanyoyi, ana shigarsa da naira 10,000, sai dai shi ma yana da wa'adinsa, ka duba ya dace da naka.

Zakka da magada

Jarin nan dukiya ce. In ka haɗa shi da sauran kuɗinka ya kai nisabi, wato kimar giram 85 na zinariya, shekara ta zagayo, zakka ta hau. Wasu malamai sun ce a fitar da kashi 2.5 cikin 100 na darajarsa a kasuwa ranar da shekara ta cika. Wasu sun bambanta mai saye don ya sayar da mai ajiya don rabon riba, suka ce na biyun zai fitar ne a kan ɓangaren dukiyar kamfani da zakka ke hawa. Ka zaɓi rana ɗaya a kalandar Musulunci, ka riƙa lissafi a cikinta kowace shekara. Ka kuma tambayi mai kula da asusunka ko shi ke fitar da kuɗin tsarkakewa ko kai zai bar wa.

Abu na ƙarshe ya fi shafar iyalinka fiye da kai. Dukiyar da ke cikin waya ba ta da ƙofa da za a gani kamar gida ko gona. Ka samu littafi ka rubuta sunan dillali, lambar CHN, sunan asusun da ka saya, da bankin da riba ke shiga. Lambar sirri kada ta shiga littafin. Ka nuna wa matarka ko mijinki ko babban ɗa inda yake, ka kuma sabunta shi duk ranar da ka yi lissafin zakka.